Goma Bisa Goma

Tun da gwamnati ta ce za ta ɗauki sababbin malaman firamare da na sakandare, jikata ba ta bar wayarta ta huta ba. Da safe tana kai, da rana tana kai, in ta gaji ta tari keke daga nan Kwararafa ta tafi shagon masu kwamfuta, ta dawo fuska a murtuke ta ce shafin ya ƙi buɗewa. Sun nemi hotonta, sun nemi takardar haihuwa da ta ƙaramar hukuma da ta kwalejin horon malamai inda ta yi shekara uku, sannan an ce akwai jarrabawa a kan na'ura, wadda ba ta san ɗan wane ba. Rannan ina zaune bakin ƙofa ina shan hantsi, don sanyin Jos ba ya raga wa tsoho, na ce mata, "Amarya, kawo in duba miki, ai ni tsohon malami ne."

Ta dube ni tun daga hula har silifas. "Malamin me, Tsoho? Malamin almakashi?"

"Malamin aji shida."

"Kai da ko saƙon waya sai na karanta maka?"

"Idona ne ya yi rauni."

"Idon da kake zura zare a allura ba tabarau?"

Ta yi dariyarta ta koma kan waya. Ban yi musu ba, don in ka ce wa yaran yanzu an taɓa ɗaukar mutum aikin koyarwa saboda gugar wandonsa, cewa za su yi tsufa ya fara taɓa ka. Amma an yi, kuma ni ne.

Karatuna bai wuce aji huɗu ba, na huɗun ma ban tsaya ganin ƙarshensa ba. Abin da ya fi ɗauke mini hankali a makaranta shi ne tafiyar malamai da yadda suke gyara murya, ba abin da suke faɗa ba. Zan iya yi maka malamin lissafi da tarinsa, in yi maka na Turanci yana ɗaga tabarau da ɗan yatsa, aji ya yi ta birgima, ni kuma in sha bulala. Da mahaifina ya ga kuɗin sabulun wanke rigar makaranta ma asara ne, sai ya kai ni wurin wani tela Bayarabe a bakin kasuwa, dattijo mai ƙaramar murya, da muke kira Baba. A shagonsa na girma, cikin ƙarar keken ɗinki da ƙamshin gawayin dutsen guga. Asuba ta fari in share ƙyalle, in hura gawayi, in shafa wa keke mai. Jos ta lokacin ba hayaniyar injin janareto, abin da kake ji da safe shi ne kukan jirgin ƙasa, da ƙararrawar coci tana bin bayan kiran salla, da takalman leburorin kuza suna wucewa da kwanonin wanki a ka. Baba bai yarda da rula ba. Yakan miƙa mini alli ya shimfiɗa yadi ya ce, "Ja layi. In ya karkace ka goge da rigarka, ba da tawa ba." Shekara huɗu ina jan layi, har ya zamana ko idona a rufe hannuna ba ya kaucewa.

Sai aka wayi gari gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga makaranta. Aka yi ta gina azuzuwa a ƙauyuka, wasu ma ƙarƙashin bishiya, yara suka cika, malamai babu. Yanzu mai takarda ne yake bin aiki yana roƙo, a lokacin aiki ne yake bin mutane lungu lungu. Ana shela a rediyo cewa duk wanda ya gama firamare ya je ofishin ilimi. Ni ba da niyyar neman aiki na je ba, Allah ya sani. Wani malami ne ya kawo ɗinki, farar riga da gajeren wandon kaki, ya yi tafiya bai karɓa ba. Na goge su har karin wandon zai iya yanka tuwo, na ce bari in gwada in ga ko aikina ya zauna. Ya zauna. Na ari doguwar safa, na soke biro biyu a aljihu, ɗaya ma ba ya rubutu, na ce wa Baba zan je sayo zare. So nake kawai 'yan matan layinmu su gan ni.

Ƙafa ta kai ni bakin ofishin, inda samari suka yi layi, wasu da rigar gona, wasu da takalmin roba. Ina tsaye gefe ina kallo, hannu a baya irin na malamin Turancinmu, sai akawu ya leƙo ya ce, "Oga, me ya sa kake tsaye a rana? Shigo mana." Ba wanda ya taɓa ce mini oga. Na shiga.

Mutum uku ne a bayan tebur, ga allo a jingine da bango. Na tsakiya ya ce takardar shaida, na ce tana gida. Ban yi ƙarya duka ba, akwai wata takarda a gida. Ya ce in kawo daga baya. Aka ba ni littafin Hausa in karanta, na karanta a hankali da muryar manya, inda na maƙale sai in yi tarin malamin lissafi. Sannan aka miƙo mini alli aka ce in ja layuka in rubuta baƙaƙe. To, nan aka zo gidana. Na ja layi huɗu daga wannan gefe zuwa wancan kamar an ɗaura zare, na jera baƙaƙen kowanne da tsayin ɗan'uwansa, kamar maɓallan riga. Na tsakiya ya tashi ya zo ya kara rularsa a kan layin, ya juya ya dubi 'yan'uwansa. Kafin azahar sunana yana cikin littafi. Da na koma shago Baba ya tambayi zare, na ce masa na zama malami. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Cire kayan mutane tukuna."

An tura ni wani ƙauye bayan Rayfield, inda gidajen Turawan kuza suke ƙarewa, tsakanin duwatsu da tafkunan da haƙar kuza ta bari. Gidaje kewaye da shingen ƙerana, gonakin dankalin Turawa da acca har gindin dutse. Ƙararrawar makaranta tsohon ƙarfen ƙafar mota ne a rataye a bishiya, in aka buga shi har awaki sun san lokaci. Yara suna zuwa da tsintsiya a hammata, hannuwa cikin riga saboda sanyi, hancin kowa yana yoyo. Ran Juma'a mu fasa tsofaffin batura mu kwaɓa baƙin garin da ruwa mu shafe allo. Ba mai takardar haihuwa, in aka kawo yaro sai a ce ya ɗora hannu bisa kai ya kamo kunnen ɗaya gefen, in ya kamo ya isa makaranta. Hedimasta ɗan ƙasar ne, dogo, mai wa'azi a cocinsu ran Lahadi, Hausarsa ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "shi" ne a wurinsa. Ya ba ni aji ɗaya.

Wallahi a aji ɗaya ni malami ne na gaske. Baƙaƙe na sani, ƙirga na sani, waƙa kuwa har da wadda babu a littafi. Ina yi musu kukan jaki da tafiyar agwagwa, iyaye suna aiko mini da dankali da ƙwai, tsofaffi suna cire hula su ce sannu Malam. Da an bar ni nan, wataƙila da yanzu ina layin 'yan fansho ina zagin gwamnati da hujja. Amma malamin aji shida ya sami gurbin ƙaro karatu ya tafi, Hedimasta ya zagaya azuzuwa yana duba allon kowa, ya tsaya a nawa. Ya ce, "Mai wannan hannu bai kamata yana wasa da 'yan majina ba. Gobe ka koma aji shida, jarrabawan shiga sakandare ya kusa." Na buɗe baki, sai na ji abin da ya fito shi ne, "To, ranka ya daɗe."

Daren farko ban ma tsaya tunani ba, don na ɗauka akwai amsoshi a bayan littafin malami, haka na ji ana faɗa. Da safe na juya bayan littafin lissafi, na tarar an yage shafukan ƙarshe kaf. Daga baya na ji mai ƙosan bakin makaranta ce ta amfana da su. Ga rabawa mai ɗigo, ga kashi cikin ɗari, ga wani jirgi da ya tashi daga wani gari ana tambayar yaushe zai isa wani, ni kuwa ko fasinjan jirgin ban taɓa yi ba.

Allah ya rufa mini asiri da wata yarinya a bencin gaba. Bari in kira ta Laraba, tunda ba sunanta ba ne, yanzu kaka ce mai mutunci. Siririya, ba ta da surutu, tana rubutu da guntun fensir da ta ɗaura wa kara don ya yi tsawo. Ubanta manomin dankali ne, kuma kowa a ƙauyen ya san abin da ya ce: in ta ci jarrabawa zai sayar da abin da zai sayar ta tafi sakandare, in ta faɗi ta bi uwarta kasuwa da kwando, ba maimaici. Bai faɗa da mugunta ba, yara takwas gare shi. Ita kuwa kanta yana ja, kamar an wanke shi da ruwan dutse.

Sai na tsara aikina. In kwafe misalin littafi a allo da rubutuna mai kyau, in ja layi biyu a ƙarƙashi, in juyo in gyara murya in ce, "Wa ya gane?" Laraba ta ɗaga hannu. In ce, "Zo ki bayyana wa 'yan'uwanki, in ga ko kin gane da gaske." Ina tsaye a baya ina gyaɗa kai, wani lokaci in ce "a hankali dai," don a san ina bi. In na ba da aiki kuwa, littafinta nake fara ɗauka, in buɗe shi a gefe in rufe da rajista, in bi na sauran da jan biro. Wanda amsarsa ta yi daidai da tata ya ci, wanda ta saɓa ya faɗi. Nata kuwa ba wahala: goma bisa goma, da "Da kyau" a ƙasa, har da ƙawata wutsiyar baƙin. Wata uku muna haka. Hedimasta yakan leƙo ta taga ya ga allo tsaf, aji shiru, ya wuce yana murmushi. Har na fara jin cewa koyarwa ba wani abu ba ne, mutane ne suke zuzuta ta.

Lokacin haƙar dankali ya zo, Laraba ta yi kwana uku ba ta zo ba. Kwana ukun nan na cika su da rubutun hannu da share fili da tarihin da na ƙirƙira. Amma na riga na kwafe musu sabon babi a allo, rabawa mai ɗigo, wasu yaran kuma sun je sun tambayi yayyensu. Ran da ta dawo, hannuwanta duk jar ƙasa, na ba da lissafi goma. Na tattara littattafai na yi yadda na saba. Sai na ga abin mamaki: yara shida amsarsu iri ɗaya, kuma duk ta saɓa da ta Laraba. Na ce lallai yau na kama ɓarayi. Na kira su gaban aji na yi musu wa'azi a kan satar amsa, wa'azi mai kyau, daga ni da na saci aikin gaba ɗaya. Na ba kowanne sifili, na miƙa musu lauje su je su yanke ciyawar bayan aji. Ɗaya daga cikinsu yana hawaye yana cewa, "Malam, ban kwafa ba, a duba." Na ce na duba.

Da aka buga ƙarfen tara kowa ya fita, ita ba ta fita ba. Ina zaune ina cin gyaɗa, ina ganinta ta sunkuya tana ta lissafi a bayan littafinta. Can ta taso ta tsaya gaban tebur, ta ajiye littafin a buɗe inda na rubuta goma bisa goma.

"Malam, nawa ne ba daidai ba. Na sa ɗigon a inda bai kamata ba, tun daga na farko har na ƙarshe. Nasu ne daidai."

Na ce, "Haka ne. Gwada ki nake yi, in ga ko za ki gano."

Idonta ya sauka kan rajista, inda gefen wani littafi yakan leƙo kullum, ya dawo kan fuskata. Yarinyar ba ta da raini, ko kusa. Da ta yi dariya ma da ya fi mini sauƙi. Ta ja littafinta a hankali ta rungume, ta yi ƙasa da murya yadda ko taga ba za ta ji ba.

"Malam, to ni wa yake duba mini nawa?"

Na sha zagi a rayuwata, na sha na kwastoma ranar jajiberin salla, wanda ya fi kowane zagi. Ba wanda ya zauna mini a ƙirji kamar wannan tambaya. Sai a lokacin na yi lissafin da ya fi ƙarfin aji huɗu: wata uku yarinyar nan tana tafiya ba wanda ya taɓa ce mata nan kin kauce. Duk kuskuren da ta yi na sa masa hannu da jan biro, na kuma raba wa aji. Saura mako bakwai jarrabawa, kuma wanda zai duba takardarta a can ba shi da littafin Laraba a ƙarƙashin rajista.

Na fita na karɓe laujen daga hannun yaran, na ce su je su ci abinci. Na tsaya bayan aji na yi ta kallon duwatsu. Ba zan ce ban yi tunanin dabara ba, na yi, ai hali ne. Na ce ko in riƙa haɗa littattafai uku in bi masu rinjaye. Na tuna dankali da ƙwai da cire hula. Na tuna dariyar da za a yi mini a layinmu. Sai na ga duk dabarar tana cetona ne ni kaɗai.

Hedimasta yana ofis yana shan kunu a kofin silba. Na tsaya a ƙofa, na rasa da muryar wa zan yi magana, sai na yi da tawa.

"Ranka ya daɗe, ban iya lissafin aji shida ba."

"Wane babi?"

"Daga bangon gaba zuwa na baya."

Ya ajiye kofin. "Malam, aji nawa ka gama?"

"Uku. Na huɗun na leƙa."

"Takardan shaida da ka ce yana gida fa?"

"Ta gwajin ɗinki ce."

Ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa suna rawa, na kasa gane kuka yake ko dariya. Na faɗa masa komai, har rajista, har lauje. Da na zo kan tambayar Laraba sai kafaɗun suka tsaya. Ya ce, "Yarinyan nan, shi ne duk begen makarantan nan." Sannan ya ƙara da cewa, "Laifi na biyu nawa ne. Na duba allo, ban duba littafi ba." Ya ce daga gobe shi zai riƙe aji shida da kansa, safe da yamma. Ni kuma in ina so zai mayar da ni aji ɗaya ya yi shiru da bakinsa, don yaran suna sona. Na ce a'a. Ba don tsarki ba, na san kaina ne: in aka bar ni, wata rana wani zai sake yaba hannuna, in sake cewa to. Abu ɗaya ya roƙa, in tsaya zuwa Juma'a in rubuta masa jadawalin darussa a bangon ofis. Na rubuta, an ce ya shekara goma ba a goge ba.

Na koma shagon Baba ran Asabar da buhun dankali a ka. Bai tambaye ni komai ba, ya nuna mini dutsen guga da haɓa. 'Yan layinmu suka sa mini Malam, sunan da ya bi ni har yau, yawancin masu kirana da shi ba su san tsiya ce ba.

Laraba ta ci jarrabawarta, ita da uku cikin masu laujen nan, labari ya iso ni daga baya. Amma in na tuna ta ba wannan nake tunawa ba. Kamar mako biyu da barina, ranar kasuwa, ina kan keke sai na ga mutum ya tare mini haske. Ita ce, ta rako uwarta sayar da dankali, ta yi ta tambaya har ta gano shagon. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta gaida Baba, sannan ta ciro littafin lissafi daga cikin zane ta buɗe mini a kan yadin da nake ɗinki. Shafin ya yi ja kamar an yanka kaza a kai. Hedimasta ya bi kowane layi, ya kewaye nan, ya ja kibiya can, ya yi rubutu a gefe da hannunsa mai kama da tafiyar kaza. A ƙasa ya sa huɗu bisa goma.

"Malam, ka gani? Huɗu na ci. Shekaranjiya uku ne."

Wata uku ina ba yarinyar nan goma, ban taɓa ganin haƙoranta ba sai ran nan.